An ce 'yata ta warke, sai ga mu a asibiti: al'ajibi gaskiya ne kuwa?

Wata uwa ta rubuto mana kamar haka:

"Ina da 'ya mai shekara 11 da ke fama da farfaɗiya tun tana shekara 6. Da magani abin ya yi sauƙi, takan yi watanni ba ta faɗi ba. Bara wata ƙawata ta kai mu taron warkarwa. Mai wa'azin ya ɗora mata hannu ya ce ta warke, ya kuma ce duk wanda ya ci gaba da shan magani bayan addu'a ya ƙaryata Allah. Na tsaya gaban jama'a na ba da shaida, na koma gida na daina ba ta magani. Ba a yi sati biyu ba ta yi faɗuwar da ba ta taɓa yin irinta ba, sai da aka kwantar da mu a asibiti. Da na koma na faɗa musu, sai suka ce bangaskiyata ce ta yi rauni, ko kuma akwai zunubin da nake ɓoyewa. Tun ranar maigidana ya daina zuwa sujada, ya ce duk zancen al'ajibi yaudara ce. Na tambayi wani dattijo a ikilisiyarmu me ya sa Allah yake warkar da wasu ya bar wasu, sai ya ce asirin Allah ne, Kirista ba ya tambaya. Yanzu ina ba ta maganin amma ina jin kamar zunubi nake yi, in kuma na ji wani yana ba da shaida sai zuciyata ta yi ɗaci. Shin al'ajibi gaskiya ne? Ni ce na hana 'yata warkewa?"

'Yar'uwa, sannu da jinya, sannu kuma da wannan nauyi da kike ɗauke da shi ke kaɗai. Bari mu fara da abin da ba ya jira. Ki ci gaba da ba yarinyar nan maganinta a kan lokaci, a fili, gaban kowa, kada ki sake tsayar da shi sai da izinin likitan da ke duba ta. Farfaɗiya tana tasowa ne daga hargitsewar saƙonnin lantarki a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, maganin kuwa shi ke daidaita su. In aka yanke shi farat ɗaya, ciwon yakan dawo da ƙarfin da ya fi na da, wani lokaci jijjigar ta ƙi tsayawa, kuma hakan na iya kai wa ga rasa rai. Abin da ya same ku ke nan, kuma sananne ne ga duk mai aikin lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 50 ne ke da wannan ciwo a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari na iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in an gano ciwon an kuma ba su maganin da ya dace. Yara da yawa ma, in suka yi kamar shekara biyu ba su faɗi ba, likita da kansa yakan fara rage maganin sannu a hankali. Ƙofar nan a buɗe take, amma likita ne mai buɗe ta.

Ba zunubi kike yi ba. Lokacin da sarki Hezekiya ya kwanta ciwon ajali, Allah ya ji kukansa ya ƙara masa shekara 15, amma annabi Ishaya ɗin da ya kawo wannan albishir shi ne ya ce a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun (2 Sarakuna 20:7). Alkawarin Allah da magani suka shiga ɗaki ɗaya, babu wanda ya kori wani. Luka da ya rubuta mana labaran warkarwa masu yawa a Bishararsa da Ayyukan Manzanni likita ne, Bulus kuma da wannan sana'a ya kira shi, ya ce ƙaunataccen likita. Wanda ya ce ki zubar da magani don ki nuna bangaskiya, ki tuna wanda ya fara kawo irin wannan shawara. Shaiɗan ne, shi ne ya kai Yesu kan tsororuwar Haikali ya ce ya diro, ai an rubuta mala'iku za su tallafe shi. Har aya ya jawo. Yesu ya amsa masa cewa an kuma rubuta kada ka gwada Ubangiji Allahnka.

Yanzu ga tambayar da na san ita ke hana ki barci: ke ce kika hana ta warkewa? A'a. Ina kuma so ki ga dalilin da idonki, don kada ya zama maganata ce kawai a kan tasu.

Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kama Bitrus ya jefa shi kurkuku, an ɗaure shi da sarƙa biyu, yana kwance tsakanin sojoji biyu. Ikilisiya ta taru a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus tana ta addu'a dominsa. Mala'ika ya fito da shi da dare, ya zo ƙofar gidan yana ƙwanƙwasawa. Wata baranya mai suna Roda ta je ta ji muryarsa, murna ta sa ta manta ta buɗe, ta koma da gudu ta ce Bitrus na bakin ƙofa. Me masu addu'ar suka ce mata? Suka ce ta haukace. Da ta nace, suka ce to mala'ikansa ne. Bitrus kuwa yana waje yana ta bugun ƙofa. Ga mutanen da ke roƙon abu, abin ya zo har ƙofa, sun kasa yarda ya zo. Da ƙarfin bangaskiyar masu roƙo ne ma'auni, da Bitrus ya kwana a kurkuku. Ki kuma duba farkon surar: Hirudus ɗin nan ya riga ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Manzo ne shi ma, ikilisiyar nan ɗaya ce, Allah ɗaya ne. An fitar da ɗaya, an sare ɗaya, Luka kuma bai ce wani ya gaza a addu'a ba.

Mutumin da Yesu ya warkar a tafkin Betasda bayan shekara 38 yana kwance bai ma san wanda ya warkar da shi ba. Li'azaru yana kabari kwana huɗu, wace bangaskiya gawa take da ita? Gaskiya ne an rubuta cewa a Nazarat Yesu bai yi ayyukan iko da yawa ba saboda rashin bangaskiyarsu, amma waɗannan mutane ne da suka raina shi suka ƙi shi. Uwar da ta ɗauko 'yarta ta kawo gaban Allah tana kuka ba ta cikin wannan sahu.

Labarin da ya fi kusa da naki yana Markus sura 9. Wani uba ya kawo ɗansa da ke faɗuwa yana kumfa yana cizon haƙora, tun yana ƙarami, wani lokaci a wuta wani lokaci a ruwa. Almajirai suka gwada suka kasa. Uban ya ce wa Yesu, in za ka iya yin wani abu, ka ji tausayinmu. Da Yesu ya yi masa maganar bangaskiya, sai ya ɗaga murya ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Rabi da rabi ke nan, ya kuma faɗa da bakinsa. Yesu bai ce ya je ya cika ta ya dawo ba, nan take ya warkar da yaron. Da almajirai suka keɓe da shi suna tambayar abin da ya sa suka kasa, a kansu ya ɗora maganar, su masu ɗora hannun. Saboda haka in har mutanen taron nan suna neman wanda za su tuhuma da ƙarancin bangaskiya, bisa ga wannan labari ba a gidanki za su fara ba. (Kada kuma wani ya ɗauki wannan sura ya ce miki duk mai farfaɗiya aljani ne da shi. Matiyu 4:24 ya lissafta masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban.) Zancen ɓoyayyen zunubi kuwa, Yesu ya riga ya kashe shi a Yohanna sura 9, da aka tambaye shi wa ya yi zunubi har aka haifi wani makaho, shi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba.

To, al'ajibi gaskiya ne? Ni na gaskata gaskiya ne, ba na kuma jin kunyar faɗa. Addinin Kirista a kan al'ajibi ɗaya yake tsaye, wato tashin Yesu daga matattu. Bulus bai yi wani kewaye-kewaye ba a 1 Korantiyawa 15: in Almasihu bai tashi ba, wa'azinmu banza ne, bangaskiyarku ma banza ce. Ya kuma jero shaidu, Bitrus, sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, ya ce yawancinsu suna nan da rai, wato mai shakka ya je ya tambaye su. Wanda ya yarda Allah ya halicci sama da ƙasa daga babu, ba zai yi masa wuya ya yarda Allah na iya taɓa ƙwaƙwalwar yarinya ya daidaita ta ba.

Sai dai akwai abin da masu tarukan nan ba sa faɗa. A cikin Littafi Mai Tsarki kansa al'ajibi ba abin kullum ba ne. In kika bi tarihin, za ki ga ayyukan sun fi taruwa a zamanin Musa da Joshuwa, sai zamanin Iliya da Elisha, sai na Yesu da manzanni, tsakaninsu kuwa ɗaruruwan shekaru na masu bi da suka yi noma, suka yi ciwo, suka binne 'ya'yansu, suka riƙe Allah. Yesu da bakinsa ya ce akwai kutare da yawa a Isra'ila a zamanin Elisha, ba a tsarkake ko ɗaya ba sai Na'aman mutumin Suriya. Yohanna Mai Baftisma, wanda Yesu ya ce ba a haifi wanda ya fi shi ba, bai yi al'ajibi ko ɗaya ba, a kurkuku aka fille masa kai. Bulus, wanda ake ɗaukar ƙyallayen da suka taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke, shi ne ya rubuta cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, ya kuma shawarci Timoti a kan abin da zai riƙa sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa. Shi kansa sau uku ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Ibraniyawa sura 11 ta jero waɗanda suka rufe bakin zakoki ta wurin bangaskiya, ta zarce ba tare da ta ja numfashi ba zuwa waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Duk wa'azin da ya karanta miki rabin farko ya ɓoye rabin ƙarshe ya cuce ki.

Abin da na fahimta shi ne, Yesu bai yi ayyukan nan a matsayin ladan masu ƙoƙari ba. Ya yi su ne don tausayi, don kuma a gane ko shi wane ne, a ɗanɗana irin duniyar da ya yi alkawari, wadda ba ciwo ba mutuwa. Duk waɗanda ya warkar sun sake yin ciwo wata rana, Li'azaru ma ya sake mutuwa. Shi ya sa nake ganin bangaskiya mafi ƙarfi a Littafin ita ce ta Shadrak, Meshak da Abednego a gaban Nebukadnezzar, tanderu na ci a gabansu. Suka ce Allahnmu yana da ikon cetonmu, amma ko da bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Ba su ce mun riga mun karɓa ba, ba su kuma ba Allah wa'adi ba.

Ɗacin da kike ji in ana ba da shaida, na gane shi. Wani ɓangarensa baƙin ciki ne, wani kuma hankalinki ne ya farka, kada ki danne shi. Ke ma kin ba da shaida a wannan taro, watakila har yau ana ƙirga 'yarki cikin waɗanda suka warke, don babu wanda ya biyo ku asibiti. Bincika shaida ba rashin bangaskiya ba ne. Da Yesu ya warkar da kuturu, cewa ya yi ya je ya nuna kansa ga firist, wanda a shari'ar Musa shi ke duba fata ya tabbatar. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a shekara ta 430, da farko yana ganin zamanin al'ajibai ya kusa wucewa. Da ya ga abubuwan da ke faruwa a garinsa sai ya sake ra'ayi, amma ya sa a riƙa rubuta kowace warkarwa a karanta a gaban jama'ar da suka san mutumin. A Lourdes ta ƙasar Faransa, inda miliyoyin mutane ke zuwa neman waraka tun bayan 1858, Cocin Katolika tana da ofishin likitoci tun 1883 da ke tantance duk wanda ya ce ya warke. Suna tambaya: ciwon mai tsanani ne, an kuma tabbatar da shi tun farko? Warkewar farat ɗaya ce? Cikakkiya ce? Ta ɗore shekaru? Magani ba zai iya bayyana ta ba? Cikin rahotanni fiye da 7,000, zuwa shekarar 2018 guda 70 kacal aka amince da su a matsayin al'ajibi. Ko ke ba 'yar Katolika ba ce, ko ba ki yarda da abin da ake yi a can ba, akwai abin koyi: mutanen da suka gaskata da al'ajibi su ne suka fi tsananta bincike, don ba sa so a jingina wa Allah ƙarya. Mai wa'azin da yake da tabbacin Allah ya warkar, shi zai fara cewa a je likita ya duba. In kuma aka haɗa waraka da kuɗi, ki tuna Elisha ya ƙi karɓar komai daga Na'aman, Bitrus kuma ya tsawata wa Siman mai sihiri da ya so sayen baiwar Allah. Yesu ya ce a ranar ƙarshe wasu za su zo suna cewa sun yi ayyukan iko da sunansa, zai ce bai taɓa saninsu ba.

Sai maganar dattijon nan. Rabin abin da ya faɗa daidai ne. Akwai asiri, Musa ma ya ce ɓoyayyun abubuwa na Ubangiji Allahnmu ne, bayyanannun kuwa namu ne da 'ya'yanmu. Me ya sa aka fitar da Bitrus aka bar Yakubu, babu wanda aka ba amsarsa, duk kuma wanda ya ce miki ya san dalilin da ya sa 'yarki ba ta warke a daren nan ba, ya faɗi abin da ba a sanar da shi ba. Amma cewa Kirista ba ya tambaya, wannan kam ba haka ba ne. Ayuba ya yi ta tambaya, har ya nemi a ba shi dama ya kai ƙararsa gaban Allah, abokansa uku kuwa suna ta kawo masa bayani mai tsari cewa lalle akwai laifin da ya yi. A ƙarshe Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kan abokan, don ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar bawansa Ayuba. Mai tambaya aka wanke, masu amsa aka tsawata wa. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ta juya zuwa yabo ba, aka kuma bar ta cikin littafin waƙoƙin sujada. Yesu a kan gicciye da tambaya ya yi kira: don me ka yashe ni?

Manyan asiran bangaskiyarmu ma ba da rufe baki aka riƙe su ba. Yadda Allah yake ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da yadda Yesu yake cikakken Allah kuma cikakken mutum, shugabannin ikilisiya sun taru a garin Nikiya a shekara ta 325 da garin Kalsidon a shekara ta 451 suna muhawara mai zafi a kai. Sun faɗi iyakar abin da Nassi ya ba su, suka tsaya inda ya tsaya. Asiri na gaskiya kamar rijiya mai zurfi yake: kullum kina jan ruwa kina sha, ba ki taɓa ganin ƙasanta ba. In aka hana ki zura guga ma, ki yi shakkar ko akwai ruwa a ciki. Ki nemi fasto ko wata dattijuwa mai haƙuri da za su zauna da tambayarki ba tare da sun tsorata ba. Akwai su.

Maigidanki kuma, ki bi shi a hankali. Mutumin da ya ga 'yarsa tana jijjiga a gadon asibiti saboda maganar wani, fushinsa yana da dalili, kuma ina ganin da waɗanda suka yaudare ku yake faɗa fiye da Allah. Masana irin su David Hume, ɗan Scotland da ya yi rubutu a kan wannan a 1748, sun daɗe suna cewa ya fi sauƙi mai ba da labari ya yi kuskure ko ƙarya da a ce tsarin halitta ya sauya. A kan yawancin labaran da ake yaɗawa, hakan ne. Amma shaidar zur ɗari ba ta soke ta gaskiya ɗaya, abin da take wajabtawa shi ne a bincika. Kada ki yi masa wa'azi yanzu. In kin tsayar da maganin ba da saninsa ba, ku zauna ku yi maganar sau ɗaya, ku yi wa juna alkawari cewa babu mai sake taɓa maganin yarinyar sai ku biyu da likita. Toma ya yi kwana takwas yana cewa gani ya kori ji, sauran almajirai ba su kore shi daga ɗakin ba, yana cikinsu Yesu ya zo ya same shi.

Akwai wadda wasiƙarki ba ta faɗi halin zuciyarta ba, ita ce yarinyar. Shekara 11 ta isa ta fahimci an ce ta warke a gaban jama'a, ta kuma farka a asibiti. Mai yiwuwa tana zaton ita ce mai laifi, ko Allah ba ya sonta. Ki zaunar da ita ki faɗa mata da kalmomin da za ta gane: ba laifinta ba ne, ba aljani ba ne, ba a ɗaukarsa ta yawu ko taɓawa, mai wa'azin nan ne ya yi kuskure, Allah kuma yana sonta yadda take a yau. Ku riƙa addu'ar waraka tare, kada ki daina roƙo, Yakubu 5:14 ma ta ce a kira dattawan ikilisiya su yi wa marar lafiya addu'a. Ki roƙa kai tsaye kamar yadda Yesu ya roƙa a Getsamani, ki kuma ƙara abin da ya ƙara, ba nufina ba, naka za a yi. Bayan amin ki miƙa mata maganinta da ruwa.

Ki kuma koya wa 'yan gida da malamanta abin da za su yi in ta faɗi: a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kanta, a kwantar da ita ta gefe, kada a danne ta, kada a cusa mata cokali ko wani abu a baki, kada a ba ta ruwa sai ta dawo hayyacinta sosai. A duba agogo, in jijjigar ta wuce minti biyar ko ta sake dawowa kafin ta farfaɗo, a garzaya da ita asibiti. Ki riƙa rubuta ranakun da ta faɗi da tsawon lokacin, ki kai wa likita a kowane zuwa, ki kuma gaya masa gaskiyar cewa an taɓa tsayar da maganin da kuma tsawon kwanakin, domin hakan zai taimaka masa wajen daidaita mata shi.